Bayyana Kadarori ga Masu Riƙe da Muƙaman Gwamnati a Najeriya

Bayyana kadarori wajibi ne da doka ta ɗora wa duk mai riƙe da muƙamin gwamnati, na ya rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kansa, ya rantse cewa gaskiya ya faɗa, sannan ya miƙa takardar ga hukumar da aka ɗora wa alhakin ajiyewa da tantancewa. A Najeriya wannan aiki na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ne, wadda aka fi sani da CCB. Wanda ake zargi da ƙin bayyanawa, ko da yin ƙarya a takardarsa, gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ake kai shi. Manufar ita ce a san da me mutum ya shiga ofis, domin ranar da ya fita a iya tambayarsa inda ya samo ƙarin.

Asali

Tunanin ya girmi Najeriya nesa ba kusa ba. Malamai kan kawo hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Sai Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa, ya ga ko kyautar za ta zo ta same shi. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, in daga baya ya ga ta kumbura fiye da kima sai ya raba ta, ya mai da kaso baitulmali.

Dokar Najeriya kuwa daga abin da aka gani a zamanin soja ta samo tushe. Da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a watan Yulin 1975, ya sa aka binciki dukiyar gwamnonin jihohi 12 da suka yi aiki ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon. Goma daga cikinsu aka samu da laifi, biyu kacal suka tsira: Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Wannan abin kunya na cikin abubuwan da suka sa masu rubuta kundin tsarin mulkin 1979 suka sanya ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata a jadawali na biyar, har da bayyana kadarori. Hukumar ba ta yi wani ƙarfi ba a Jamhuriya ta Biyu, kuma soja suka dawo a ƙarshen 1983. Sai a 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 1, wadda ta ba hukumar da kotun cikakken gindin zama. Kundin 1999 ya gaji tsarin kusan yadda yake.

Wa ya shafa, kuma yaushe

Mutane da yawa na ɗauka shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci kaɗai abin ya shafa. Jerin da ke cikin kundin ya zarce haka sosai. Akwai 'yan majalisun tarayya da na jihohi, da alƙalai da ma'aikatan kotuna, da jakadu, da dukkan sojoji da 'yan sanda, da duk ma'aikacin gwamnatin tarayya ko ta jiha tun daga babban sakatare har ƙasa, da ciyamomi da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati. Ke nan akawun sakatariyar ƙaramar hukuma a Gumel da shugaban ƙasa a Abuja, doka ɗaya ce ta hau kansu.

Ana bayyanawa da zarar an kama aiki, sannan duk bayan shekara huɗu, sannan a ƙarshen wa'adi. Ga manyan muƙamai abin ya fi tsauri, domin bayyanawar tana gaba da rantsuwar kama aiki. Sashe na 140 ya hana zaɓaɓɓen shugaban ƙasa fara aiki sai ya bayyana kadarorinsa, sashe na 185 ya ce haka game da gwamna, sashe na 52 kuma game da ɗan majalisar tarayya.

Ba dukiyar mutum shi kaɗai ake nema ba. Kundin ya haɗa da ta 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Dokar 1989 ta ƙara da mata ko miji, ta kuma ɗaga shekarun 'ya'yan zuwa 21. Dalilin a fili yake, tun da hanya mafi sauƙi ta ɓoye gida ita ce a sa sunan uwargida ko na yaro ɗan firamare a takardar. Abin da dokar ba ta iya kamawa shi ne gidan da aka saya da sunan ƙane, ko suruki, ko amintaccen yaron gida, kuma a ƙasar da dangi ke da faɗi irin tamu wannan ƙofa ce babba.

Shi fom ɗin, wanda ake kira CCB-1, ba a cika shi a tsaitsaye. Yana neman kuɗin da ke banki a gida da waje, da gidaje, da filaye da gonaki, da motoci, da hannun jari. A kan kowane fili sai an faɗi inda yake, da shekarar da aka same shi, da darajarsa, da yadda aka same shi: saye ne, ko gado, ko kyauta, ko da rance aka mallaka. A nan ne mai gaskiya ma kan yi gumi, domin gonar gado da ba a raba ba, wadda ba ta da takarda sai shaidar mai unguwa, ba ta shiga akwatin fom cikin sauƙi. In an gama cikawa sai a je gaban alƙalin babbar kotu a rantse, a mayar wa hukumar, ta ba da 'yar takardar shaidar karɓa. Wannan 'yar takarda ita ma'aikata suka fi adanawa, don ita ake tambaya.

Sauran ƙa'idojin da ke tafe da shi

Bayyana kadarori sakin layi ɗaya ne cikin ƙa'idojin ɗa'a, kuma sauran suna tallafa masa. An hana shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamnoni da mataimakansu, da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa, mallakar asusun banki a ƙasar waje. An hana ma'aikaci mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Wannan togaciya ta sa kusan kowane babban ma'aikaci manomi ne a takarda. Kyauta kuma ba a yarda ya karɓa ba sai daga dangi ko abokai, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Wadda aka ba shi a taron hukuma, ta ofishinsa ce.

Tanadin da ya fi kowanne haƙori shi ne wanda ya juya nauyin hujja. Duk abin da mutum ya mallaka bayan bayyanawarsa, in ba za a iya danganta shi da albashinsa, ko kyauta ko rancen da doka ta amince da su ba, to ana ɗaukarsa a matsayin haramtacce har sai mai shi ya kawo hujjar akasin haka.

Hukumar na da shugaba da mambobi tara, kowannensu sai ya kai shekara 50 kafin a naɗa shi, ya kuma sauka in ya cika 70. Kotun kuwa mutum uku ne, shugaba da mambobi biyu. Ba ta ɗaure mutum a kurkuku. Hukuncinta uku ne: tsige mutum daga muƙami, hana shi riƙe muƙamin gwamnati na tsawon da bai wuce shekara goma ba, da ƙwace dukiyar da aka samu ta haramtacciyar hanya. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma afuwar shugaban ƙasa ba ta shafe wannan hukunci. Shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kuma suna da rigar kariya ta sashe na 308, don haka tasu shari'ar sai sun sauka.

Manyan shari'o'i

A 2011 aka gurfanar da Bola Tinubu bisa zargin riƙe asusun waje lokacin da yake gwamnan Legas. Kotun, ƙarƙashin Danladi Umar, ta yi watsi da ƙarar, kuma cikin dalilanta har da cewa hukumar ba ta fara gayyatarsa ta ji ta bakinsa ba. Dokar 1989 ta ce in mutum ya amsa kuskurensa a rubuce, ba sai an kai shi kotu ba.

A watan Satumban 2015 sai ga Bukola Saraki a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, wata uku bayan ya zama shugaban majalisar dattawa ba da son jam'iyyarsa ba. Tuhumar ta koma ne kan shekarunsa na gwamnan Kwara, daga 2003 zuwa 2011. Lauyoyinsa suka kafa hujja da hukuncin Tinubu, kotun ta ce ai kuskure ta yi a wancan karon. Shari'ar ce ta sa jama'a suka san wani salon zargi, wato riga malam masallaci: mutum ya rubuta gidan da bai riga ya saya ba, domin in ya saya daga baya a ce dama yana da shi. A watan Yunin 2017 kotun ta sallame shi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya koma ya kare kansa kan tuhuma uku, sannan kotun ƙoli ta wanke shi gaba ɗaya a watan Yulin 2018.

Wadda ta fi girgiza ƙasa ita ce ta alƙalin alƙalai Walter Onnoghen. An shigar da ƙara a watan Janairun 2019 kan wasu asusun banki da bai bayyana ba, waɗanda ya ce mantawa ya yi. Ranar 25 ga watan, ana saura 'yan makonni zaɓen shugaban ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da shi bisa umarnin kotun, ya rantsar da Ibrahim Tanko Muhammad a matsayin riƙo. Ranar 18 ga Afrilu kotun ta same shi da laifi, ta hana shi muƙami na shekara goma, ta kuma ƙwace kuɗin da ke asusun biyar. A watan Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bayan sulhu tsakaninsa da gwamnati. Duk wanda ya jera shari'o'in nan uku zai ga abin da masu suka ke nufi in sun ce dokar ba ta farkawa sai siyasa ta taɓa ta, kuma ba a cika ganin hukunci ya tsaya ba.

Batun bayyana wa jama'a

Dokar ta ce a bayyana wa hukuma, ba ta ce a bayyana wa jama'a ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Kundin ya umarci hukumar ta bar kowane ɗan ƙasa ya duba takardun, amma bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya za ta gindaya. Hukumar ta daɗe tana cewa majalisa ba ta gindaya su ba, don haka hannunta a ɗaure yake. Ko bayan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, 'yan jarida da ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci irin su SERAP sun nemi takardun shugabanni an hana su, ana cewa sirrin mutum ne. Ga shi kuwa hukuma guda ba ta da idon da za ta bi filayen miliyoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san gidan wane ne aka gina a bayan kasuwa shi ne maƙwabci da birkila da dillali, su kuma ba sa ganin fom ɗin.

Saboda haka fitar da takarda fili ya zama ganin dama. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi a watan Yunin 2007, inda ya nuna dukiyar kusan naira miliyan 856, kuma shi ne shugaban Najeriya na farko da ya yi hakan. Goodluck Jonathan, wanda ya bi sahu yana mataimaki, ya ƙi maimaitawa da ya zama shugaba, har ya faɗa a wata hira ta talabijin a 2012 cewa surutun mutane kan batun bai dame shi ba. A watan Satumban 2015 mai magana da yawun Buhari, Garba Shehu, ya fitar da taƙaitaccen bayani: ƙasa da naira miliyan 30 a banki, gidaje biyar, gidajen ƙasa biyu a Daura, shanu 270, tumaki 25, dawaki biyar, da filaye biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Fatakwal, wanda aka ce har lokacin ana neman inda yake. Shanun ne suka fi zama abin hira a majalisun shayi, alhali ainihin fom ɗin ba a fitar da shi ba.

A Nijar kundin tsarin mulkin 2010 ya bi wata hanyar. Ya ba shugaban ƙasa awa 48 bayan rantsuwa ya miƙa bayanin dukiyarsa ga shugaban kotun tsarin mulki, firaminista da ministoci kuma kwana bakwai su miƙa nasu ga kotun binciken kuɗin gwamnati. Kundin ya ce a riƙa sabunta bayanin kowace shekara, a kuma buga shi a jaridar hukuma da sauran jaridu, yadda mai shago a Maraɗi zai iya karantawa. An jingine wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.