Masu jinyar mai ciwon kansa (ciwon daji), ga amsoshinku a waje ɗaya

Tambayoyin nan su ake ta turo min, wata ma sau uku a sati. Na tara su, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mai jinya ma yana kamuwa da ciwon damuwa?
Sosai ma. Kowa ya zo dubiya sannu yake yi wa mara lafiya, wadda ta kwana kan tabarma a gefen gado ba mai ko kallonta.

Ba rashin tawakkali ba ne?
Hawan jini rashin tawakkali ne? To wannan ma ciwo ne. Ki yi addu'arki ki ga likita.

In ware wa mara lafiyar kwano da kofi?
Haba! Kansa ba a ɗaukarta a kwano. Ku ci abinci tare, kar ku ƙara mata wani ciwon.

Ya zan gane gajiya ce ko damuwa?
Gajiya barci ke maganinta. Amma in kin kai sati 2 kusan kullum ranki a ɓace, abin da ke miki daɗi a da ya daina, barci ya gagara ko abinci baya shiga, kina kuka a banɗaki ki wanke fuska ki fito, to ya wuce gajiya.

Likita ya ce ciwon Mama ya yi nisa, yayyena sun ce kar a faɗa mata, ni ce kullum a gabanta ina ƙarya. In faɗa?
Nan kam ba zan yanke miki kai tsaye ba. Na san dalilinsu, tsoro suke kar ta karaya ta daina cin abinci, kuma akwai wanda hakan ke faruwa da shi. Sai dai su suna gidajensu, ke ce take riƙe wa hannu da tsakar dare tana cewa "wai me likita ya ce?", kuma wannan ɓoyon kaɗai ya isa ya hana ki barci. Sannan yawancinsu sun riga sun gane, mutum ana masa kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, duk bayan sati 3 gashi ya zube, an tura shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya a gasa masa ciwon da na'ura, kina ganin bai san komai ba? Wata ma ita ke ɓoye muku. Ni dai da ni ce zan fara jin ta bakinta a hankali, "Mama me kike gani game da jikin nan?" In ta kauda zancen ki bar ta, akwai wanda baya son sani kuma haƙƙinsa ne. In ta tambaya ido da ido, kar ki ɗauki nauyin ke kaɗai, ki sa babban yayanku ya zo, likita ya yi bayanin a gabanku. Ƙila tana da bashi ko wasiyya da take son faɗa. Amma fa ke kika san mahaifiyarki, ba ni ba.

Wani lokacin sai in ji gara Allah ya ɗauke ta ta huta. Ni muguwa ce?
A'a ƴar uwa, tausayi ne da gajiya, da yawa sun ji haka ba su faɗa ba ne. Amma in kanki kike tunanin cutarwa, yau ɗin nan ki gaya wa wani ya raka ki asibiti.

In sayi maganin barci a kemis?
Kar ki fara. Irin su diazepam sabo ake da su. Maganin damuwa likita ke rubutawa, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa.

Ina zan je?
Fara da likitan da ke duba mara lafiyarki. Akwai kuma asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato. Kuma a daina cewa asibitin mahaukata.

Ƴan uwa sun bar min jinyar.
Kin taɓa buɗe baki? Duk wanda ya ce "me za a taimaka da shi" kar ki ce ba komai, ki ce masa ranar Alhamis shi zai kwana.