French Martini

French Martini haɗin barasa ne mai zaƙi da ɗan tsami, wanda ake yi da abu uku: bodka (barasa mai ƙarfi, fara kamar ruwa), ruwan abarba, da wata barasa mai zaƙi ta 'ya'yan itacen rasberi, galibi samfurin Chambord. Ƙungiyar masu haɗa abin sha a mashaya ta duniya, IBA, ta saka shi cikin jerin haɗe-haɗenta na sabon zamani.

Sunan yana da ruɗi ta fuska biyu. Ba a Faransa aka ƙirƙiro shi ba, a birnin New York na Amurka ne, cikin shekarun 1980, a ɗaya daga cikin mashayun Keith McNally, kuma daga baya ya yi suna a gidan cin abincinsa na Balthazar. Sannan ba martini ba ne a ma'anar asali, domin martinin gaske haɗin barasar jin ne da bamut (ruwan inabi mai ƙanshin ganyaye), ba ya da zaƙi ko kaɗan. A wancan zamanin duk abin da aka zuba a kofin gilashin nan mai dogon wuya da faffaɗan baki kamar mazurari, sai a laƙaba masa "martini". Faransancin kuwa daga Chambord ya samo shi.

Ita Chambord ana yin ta ne a kwarin kogin Loire na Faransa, kuma ta ɗauki sunan fadar Chambord wadda sarkin Faransa, Faransuwa na Ɗaya, ya fara ginawa a 1519. Ana jiƙa rasberi da blakberi a cikin barasa, 'ya'yan itace ne ƙanana masu ƙurji-ƙurji da ke fitowa a ƙasashen sanyi, sannan a haɗa da zuma, banila, ɓawon lemo da koniyak, wata barasar inabi mai ƙarfi ta Faransa. Ƙarfinta kashi 16.5 cikin ɗari ne, launinta ja mai duhu da ya karkata zuwa shunayya. Kwalbarta ma abin kallo ce: zagayayya kamar ƙwallo, da ɗamara mai ruwan zinariya. Kamfanin yana danganta ta da wata barasa da aka ce an miƙa wa Sarki Luwi na Sha Huɗu a fadar, amma wannan labarin talla ne, domin samfurin da ake sayarwa yanzu bai wuce farkon shekarun 1980 ba. Kamfanin Brown-Forman na Amurka ya saye shi a 2006.

Ma'aunin IBA shi ne mililita 45 na bodka, 15 na barasar rasberi, 15 na ruwan abarba da aka matse sabo. Mashayu da yawa suna ninka abarbar, wanda ke sa abin ya yi laushi a baki amma ya rasa kaifinsa. Ana zuba su duka a gwangwanin girgizawa tare da ƙanƙara, a rufe, a girgiza da ƙarfi har sai bayan gwangwanin ya yi raɓa, hannu ya fara jin zafin sanyi. Daga nan a tace cikin kofin da aka riga aka sanyaya, ba tare da ƙanƙara ba.

Girgizar nan ita ce gwanintar aikin. Ruwan abarba yana kama iska idan an kaɗa shi, sai kumfa mai kauri, fara da ɗan ja-ja, ta taso ta zauna a sama kamar faɗin ɗan yatsa. Da ita ake gane hannun mai haɗawa. In an juya da cokali kawai, kumfar ba ta tsayawa, abin sai ya fito salam, kamar ruwan alawa. Wasu suna tacewa sau biyu, na biyun da ƙaramar rariya, don kada ɓarɓashin ƙanƙara ya huda kumfar. A ƙarshe ana matsa ɓawon lemon tsami a saman kofin don mansa ya fesu, ko a ɗora ƙwayar rasberi ɗaya, wadda kumfa mai kyau za ta riƙe ba ta nutse ba.

Bodka ba ta da wani ɗanɗano na kirki, shi ya sa ake zaɓenta: tana ba da ƙarfi, ta bar wa 'ya'yan itacen fili. Wannan kuma yana ɓoye yawan barasar da ke ciki. Bodka ta yau da kullum kashi 40 cikin ɗari ce, don haka kofi ɗaya a ma'aunin IBA yana ɗauke da tsantsar barasa kimanin giram 16, fiye da ma'aunin giram 10 da ƙasashe da dama ke lissafawa a matsayin sha ɗaya.

Idan an musanya bodkar da jin, ko Chambord da kasis, barasar wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace ta yankin Dijon a Faransa, ana samun 'yan uwansa masu kaifi ko tsami fiye da shi. Akwai kuma wanda ba barasa a ciki, na ruwan abarba da sirof ɗin rasberi da ɗan lemon tsami, kuma shi ma yana yin kumfar, tunda daga abarba take fitowa.