Lambobin nan shida da aka turo maka, kada ka karanta wa kowa

Wai WhatsApp na karanta saƙonnina?

A'a. Tun 2016 saƙo a kulle yake fita daga wayarka, sai a wayar wanda ka aika wa yake buɗewa. Amma kamfanin Facebook, da ya sayi manhajar a 2014 kuma yanzu ake kira Meta, ya san lambarka da irin wayarka da lokutan da kake shiga.

To ta yaya aka ƙwace WhatsApp ɗin maƙwabcina?

Da bakinsa ya bayar. Kira ake yi cikin ladabi: "Salamu alaikum Alhaji, daga gurup ɗin tsofaffin ɗalibai ne, akwai taro ta intanet bayan isha'i, mun turo maka lambar shiga, don Allah karanto mana." Babu wani taro. Lambobin nan shida na buɗe asusunka na WhatsApp ne a wata wayar. Kana gama karantawa an fitar da kai. Saƙon da kansa ya ce kada a ba kowa, amma wa ke karantawa?

GB WhatsApp fa? Ya fi daɗin amfani.

Goge shi. Ba kamfanin ne ya yi shi ba, ba ka san hannun da saƙonka ke bi ba, kuma ana iya rufe lambarka saboda shi.

An riga an ƙwace, ana ta roƙon kuɗi da sunana. Me zan yi?

Kwantar da hankalinka, galibi ana dawo da shi, sai dai ya danganta da abin da ɓarawon ya riga ya yi. In layinka na hannunka, sake shiga da lambarka, a turo maka sababbin lambobi shida, ka saka. Da ka saka, an kori wancan. Wani lokacin saƙon ba zai zo nan take ba, domin idan aka yi ta nema a jere manhajar kan sa a jira na wasu sa'o'i. Jira ɗin, kada ka yi ta dannawa, ƙara tsawaita shi kake yi. Idan kuma ɓarawon ya riga ka saka lambar sirri ta mataki na biyu, za a tambaye ka ita, ba ka kuwa san ta ba. Nan sai haƙuri, kusan kwana 7. Abin da zai ɗan sanyaya maka rai shi ne shi ma an fitar da shi tun lokacin da ka saka lambobin shida. In ko layin ne ya ɗauke gaba ɗaya, babu sabis babu kira, mai yiwuwa an canza maka sim ne, maganar ta wuce WhatsApp. Tafi ofishin kamfanin layinka da katin shaida, ka kuma kira bankinka tun kafin ka kama hanya. Tsofaffin hirarrakinka yawanci ba sa bin ɓarawo, domin a wayarka suke, amma zai ga gurup-gurup ɗinka da lambobin mutanen ciki, da duk abin da aka turo bayan ya shiga. Saboda haka ari waya ka kira iyaye da 'yan uwa da masu kula da gurup, su cire lambar tukuna. Kunyar faɗa ce ke sa a cuci gwaggonka.

Mene ne wannan mataki na biyun?

Lambar sirri da kai ka zaɓa. Tana cikin saitin asusu, minti biyu ne. Haɗa da imel, kuma kada lambar ta zama ranar haihuwarka. Me kake jira?

Telegram ya fi tsaro, ko?

Wa ya gaya maka? Hirar yau da kullum da ta gurup a can ba su da irin wannan kulle na waya zuwa waya, sai ka buɗe hirar sirri da kanka. In tsaro kake nema da gaske, sai manhajar Signal.

Na bar wayata wurin mai caji, akwai matsala?

In ba kulle a fuskarta, akwai. Duba jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, wanda ba ka gane ba ka fitar da shi.

Hoton da ake buɗewa sau ɗaya, ai ya ɓace ke nan?

Mai waya biyu zai ɗauke shi da ɗayar.