Waiwaye: Dabbobin da suka yanke wa madara digiri 72 da daƙiƙa 15

A watan Maris na 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar da abin da likitocin dabbobi ba su taɓa sa wa rai ba: murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas. Ba huhu ta fi kamawa ba, hantsa ta nufa. Saniya sai ta daina cin abinci, madararta ta ragu ta yi kauri ta koma rawaya-rawaya kamar dakashi. Kyanwoyin da suka lashi ɗanyar madarar a wasu gonaki suka mutu. Ba a jima ba hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta ce ta ga ɓurɓushin ƙwayar cutar a kusan ɗaya cikin biyar na samfurin madarar da ta ɗebo daga kantuna. Tambayar da ta tashi a lokacin tsohuwa ce, ta haura shekara ɗari: shin zafin da ake ba madara a masana'anta ya isa ya kashe wannan?

Zafin da ake magana a kai shi ne digiri 72 na ma'aunin Salshiyas na tsawon daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Kowace tana da dabbar da ta yi rashin lafiya a bayanta, da likitan da ya bi sawun cutar, da masanin zafi da ya ƙirga.

An fara tsare abinci da zafi tun kafin a san dalili. Nicolas Appert na Faransa ya wallafa dabararsa ta rufe abinci cikin kwalba a tafasa a 1810, amma bai san me wutar take kashewa ba. Sai a shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke ɓata giyar inabi, kuma ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60 kan isa ba sai an tafasa ba. Abin mamaki, dabarar da ke ɗauke da sunansa, wadda ake kira pasteurization a Turance, ba don madara ya yi ta ba. Wani Bajamushe masanin sinadaran noma, Franz von Soxhlet, shi ne a 1886 ya ba da shawarar a riƙa dafa madarar jarirai.

Rigimar gaske ta taso ne a kan tarin fuka. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, sunansa ya cika duniya. A 1890 ya fito da wani ruwa mai suna tubakulin, ya ce magani ne. Bai warkar da kowa ba. Amma abin da likitocin mutane suka yar, likitocin dabbobi suka tsinta. Bernhard Bang na Denmak da ire-irensa suka lura cewa saniyar da ke ɗauke da cutar jikinta kan yi zafi idan an yi mata allurarsa, ko da kuwa a ido lafiyarta ƙalau. Har gobe da jikan wannan gwaji ake aiki: a aske ɗan gashi a wuyan saniya, a auna kaurin fatar, a tsira allura a cikin fatar, bayan awa 72 a dawo a sake aunawa. Kumburin 'yan milimita kan yanke wa saniya hukunci, wani lokaci ma garke sukutum.

A 1898 Theobald Smith na Amurka ya nuna cewa ƙwayar tarin fukan shanu daban take da ta mutane. Koch ya ɗauki wannan ya wuce gona da iri. A babban taron tarin fuka na Landan a 1901 ya tashi ya ce haɗarin da ke cikin madara da naman shanu masu cutar bai taka kara ya karya ba, don haka ba ya ganin buƙatar ɗaukar wani mataki. Ka duba nauyin mai maganar, ka duba kuma yadda ta yi wa masu garke da 'yan kasuwar madara daɗi. Wanda ya fi kowa tsaya masa a wurin likitan dabbobi ne ɗan Sikotland, John McFadyean, mutumin da ya saba ganin hantsar saniya cike da ƙurajen cutar a mayanka. Gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin bincike, ya shafe shekara goma yana gwaji a kan maruƙa da birai da wasu dabbobin, a 1911 ya yanke cewa Koch ya yi kuskure. Koch bai ji hukuncin ƙarshe ba, ya mutu a 1910. Ƙwayar shanu takan bi madara ta kama yara a ƙulluwan wuya, da hanji, da ƙashi. Duk da haka, a shekarun 1930 kusan kashi 40 cikin ɗari na shanun tatsar Birtaniya na ɗauke da ita, kuma mutum kimanin 2,000 ke mutuwa da ita a shekara. Sanin gaskiya daban, aiki da ita daban.

Amurka ta bi hanya biyu a lokaci guda. Birnin Chicago ya kafa dokar dafa madara a 1908. A 1917 kuma aka fara gwada shanu gona-gona, duk wadda ta nuna alama a yanka a biya mai ita diyya. Kafin 1940 an yanka kusan miliyan huɗu. A tsakanin nan wata masaniyar ƙwayoyin cuta, Alice Evans, ta ƙara wa miyar gishiri a 1918, da ta nuna cewa ƙwayar da ke sa shanu ɓari, wadda Bang ya gano a 1897, 'yar'uwa ce ta jini ga wadda ke kawo zazzaɓin Malta ta madarar awaki. An yi mata dariya, don mace ce kuma ba ta da digirin dakta. Ita kanta ta kamu da cutar a bakin aikinta, ta yi shekaru tana fama, kafin a yarda da maganarta.

To nawa ne zafin da ya isa? A nan ilimin fiziks da lissafi suka shigo. Masu binciken abincin gwangwani a Amurka, irin su Bigelow da Ball a shekarun 1920, sun tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa gaba ɗaya kamar an kashe fitila. A wani zafi tsayayye, idan minti guda ya kashe kashi 90 cikin ɗari, minti na biyu zai kashe kashi 90 na waɗanda suka rage, haka har ƙasa. Ƙara zafin da 'yan digiri kuwa kan rage lokacin ninki goma. Wannan ne ya sa rabin awa a 63 da daƙiƙa 15 a 72 suke aiki kusan iri ɗaya. Sai dai akwai rufi a sama: in zafi ya yi yawa, ɗanɗano ya canja, kuma kirim ya daina tasowa a saman kwalba, alhali a wancan zamani da kaurin kirim mai saye ke gane madara mai kyau. Aka nemi ɗan tsakanin da zai kashe ƙwayar tarin fuka, wadda ake ganin ta fi kowace juriya, ba tare da an ɓata kirim ba. Aka tsaya a wajen digiri 61 da ɗoriya na minti 30.

Daƙiƙa 15 kuwa ba ta yiwuwa a tukunya. Na'urar da Richard Seligman ya ƙera a Ingila a 1923 ce ta buɗe hanya: faranta na ƙarfe sirara jere da juna, madara na gudu a gefe ɗaya, ruwan zafi a ɗaya gefen. Madarar da ta dahu tana komawa ta ba mai shigowa zafinta, ita kuma ta huce. Daga nan madara ta bi wani bututu da aka auna tsawonsa daidai da gudunta, ta yadda ko ɗigon da ya fi sauri zai yi daƙiƙa 15 a ciki. A bakin bututun akwai ma'aunin zafi da makunni. Zafi na sauka ko da kaɗan, sai ya karkatar da madarar ta koma farko.

Ana ganin magana ta ƙare, sai ga mahauta a Brisbane ta Ostireliya suna kwanciya da wani zazzaɓi a 1935. Edward Derrick da ya bincika bai san sunan da zai ba shi ba, sai ya laƙaba masa harafin Q, farkon kalmar Turanci query, wato tambaya. Macfarlane Burnet ya ga ƙwayar a Melbourne, Herald Cox kuma ya same ta a jikin kaska a ɗakin binciken Hamilton da ke jihar Montana, shi ya sa sunanta ya haɗa su biyu, Coxiella burnetii. Tana zaune a shanu da tumaki da awaki, tana fita ta mahaifa da madara, kuma ta fi ƙwayar tarin fuka jure wuta. A 1957 Enright da abokan aikinsa a Jami'ar California da ke Davis suka nuna cewa tana iya tsira daga digiri 61.7 na minti 30, amma ba ta wuce 62.8. Digiri ɗaya da ɗigo ɗaya ke nan, kuma shi ne asalin 63 da ake gani yau.

Fiziks ya zo da wani makami ban da wuta. Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, a 1921 kuma Benjamin Schwartz na ma'aikatar noman Amurka ya nuna cewa yana kashe tsutsar Trichinella a naman alade. Sai 1985 aka ba da izinin yin hakan, bayan shekara 64. A 1980 kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin lafiya, abinci da makamashin nukiliya na duniya ya ce haska abinci har zuwa kilogire 10, wato ma'aunin yawan hasken da abincin ya sha, ba shi da illa, amma tsoron kalmar nukiliya ya hana dabarar yaɗuwa sosai bayan kayan yaji da wasu 'ya'yan itace. Madara dai ba ta karɓe shi ba, ɗanɗanonta lalacewa yake. Kuma ba a rasa gargaɗi daga dabbobi ba: a 2008 kyanwoyi a Ostireliya suka shanye bayan cin abincin da aka haska da ma'auni mai yawa ƙwarai, ƙasar ta hana haska abincin kyanwa a 2009.

A ganina babban abin da hasken nan ya yi wa wannan tarihi ba kashe ƙwaya ba ne, aunata. Tumakin Turai sun daɗe da wata cuta da ake kira sikirefi. Tunkiya sai ta dinga goga jikinta a shinge har gashin ya tuge, ta fara tangaɗi, ta rame, ta mutu, ƙwaƙwalwarta kuma ta koma huje-huje kamar soso. A 1936 likitocin dabbobi biyu a Toulouse, Cuillé da Chelle, suka nuna tana yaɗuwa, amma me ke yaɗa ta? Tafasa ba ta kashe shi, sinadarin fomalin ma haka. Tikvah Alper, 'yar Afirka ta Kudu da ta karanta fiziks ta kuma yi aiki ƙarƙashin shahararriyar masaniyar fiziks Lise Meitner a Berlin, ta tunkari abin da dabarar maharba. Idan kana harbi a duhu, babban abu ya fi saurin samuwa, ƙarami sai ka zuba harsashi da yawa. Yawan hasken da ake buƙata kafin abu ya mutu zai gaya maka girmansa. A 1966 lissafinta ya nuna abin ya fi kowane bairas da aka sani ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1967 ta gwada hasken da ke ragargaza DNA, wato sinadarin gado, ko gezau bai yi ba. Ta ce watakila abin nan ba shi da sinadarin gado kwata-kwata. A wancan lokaci wannan kamar saɓo ne a ilimin halittu. Shekara 15 bayan haka Stanley Prusiner ya ce furotin ne, ya raɗa masa suna firayon, daga baya aka gano furotin ne da ya naɗe ba daidai ba, shi kuma ya ci kyautar Nobel a 1997. Alper ta rasu a 1995.

Da a tumaki abin ya tsaya, da ya zama zancen masana kawai. A 1986 aka gano cutar haukan shanu, wadda ita ma firayon ke kawowa, a Birtaniya. Garin nama da ƙashi da ake dafawa daga ragowar mayanka a zuba a abincin shanu shi ya yaɗa ta, don zafin da ke gamawa da kowace bakteriya bai kashe firayon ba. An hana ba shanu garin a 1988, amma a ranar 20 ga Maris 1996 gwamnati ta amsa cewa da alama cutar ta ƙetara zuwa mutane. Sama da shanu 180,000 aka tabbatar sun kamu, an hallaka fiye da miliyan huɗu, mutum 178 suka mutu a ƙasar. Turai ta kafa sabuwar lamba ta dafa ragowar dabbobi, digiri 133 na minti 20 cikin matsin iska, amma kowa ya san ba ita ta kawo ƙarshen annobar ba. Cire ƙwaƙwalwa da laka tun daga mayanka, da raba shanu da cin naman 'yan'uwansu, su suka yi aikin.

Da wannan tarihin a kai masana suka tunkari murar tsuntsaye ta 2024, shi ya sa ba su ce ai bairas ne mai rauni su kwanta ba. Gwajin da ke gano ɓurɓushin sinadarin gadon ƙwayar cutar ba ya bambance matacciyar ƙwaya da rayayya, don haka aka zuba samfurin madarar kanti cikin ƙwan kaji masu ɗan tsako don a ga ko wani abu zai tsiro. Babu abin da ya tsiro. A ɗakin binciken Hamilton, inda Cox ya yi aikinsa shekaru kusan 90 baya, aka zuba ƙwayar cikin ɗanyar madara a ƙananan kwalabe. A digiri 63 ta mutu cikin minti biyu da rabi. A 72 kuwa, inda aka cika ta da yawa, an ga ɗan abin da ya rage da rai bayan daƙiƙa 15, kuma hankula suka ɗan tashi. Masu binciken da kansu suka ce kwalbar gwaji ba masana'anta ba ce. Sai hukumar abinci da ma'aikatar noma suka maimaita gwajin da na'ura mai gudana irin ta masana'anta, suka tarar ƙwayar ta mutu tun madarar na hawa zafi, kafin ma ta shiga bututun daƙiƙa 15. Ba a taɓa lambar ba a wannan karon. A watan Disamba na shekarar ma'aikatar noma ta ba da umarnin a fara ɗibar ɗanyar madara daga manyan tankunan masana'antu ana gwadawa, don a bi sawun cutar zuwa garken da ta fito.