Yaro kan tarakta, uba na kallo: daga ina wannan al'adar ta Amurkawa ta samo asali?

Duk wanda yake yawo a TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan, ɗan ƙaramin yaro bature ɗan shekara shida ko bakwai ya ɗare kan tarakta, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa birki, yana murza sitiyari yana huɗa, ko kuma kaga an ɗora shi kan katafila yana kwasar ƙasa, babansa yana gefe da waya yana ɗauka yana ta murna. Mu kuma sai mu yi ta turawa juna muna cewa ka ga yadda turawa suke koyawa 'ya'yansu sana'a tun suna ƙanana, mu namu suna nan sai kallon ƙwallo. To gaskiya akwai abin koyi a ciki, ban musa ba. Amma su kansu Amurkawan sun fi shekara hamsin suna rigima a kan wannan abin, har gawarwakin yara aka ƙirga a kai, kuma har yau rigimar bata mutu ba.

Asalin abin dai daga zamanin doki ne. Kafin injin ya shigo, gonar Amurka dawakai da alfadarai ne suke janta, wajen 1920 akwai sama da miliyan 25 na waɗannan dabbobin a gonakin ƙasar, kuma yaron gida shi ne yake riƙe linzami, kamar dai yadda yaro a ƙauyukanmu yake jan shanun huɗa uba na riƙe da garma a baya. Babu wanda yake ganin laifin haka, don doki dabba ce mai rai, in yaro ya faɗi sau da yawa zata tsaya, in ta ga rami zata kauce, kuma ta san hanyar gida ko da mai jan nata ya yi gyangyaɗi. Sai tarakta ta zo. Wani John Froelich ya haɗa mai amfani da fetur a jihar Ayowa a 1892, Henry Ford ya fito da Fordson a 1917 wacce ta yi arha har ƙaramin manomi ya iya saye, Farmall ta biyo baya a 1924, zuwa tsakiyar shekarun 1950 taraktoci sun fi dawakai da alfadarai yawa a gonakin ƙasar. Dabba ta tafi, ƙarfe ya maye gurbinta, amma yaron da yake riƙe linzami ba'a sauke shi ba, kujerar direba kawai aka miƙa masa. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma da samari suka tafi fagen daga, mata da yara ne suka riƙe gonaki da yawa, sai abin ya ƙara zama jiki, ya koma abin alfahari ma, mutum ya tsufa yana ba jikoki labarin yana ɗan shekara nawa ya fara tuƙi.

Ita kuwa tarakta ba ruwanta da wanda yake kanta. Nauyinta yana sama, tayoyin baya manya, in aka ɗaura mata abu a wurin da bai dace ba aka ja, ko ta kafe a taɓo aka taka mata totur, gabanta ne yake ɗagawa ta kife ta baya, kuma masu binciken hatsarin gona sun auna cewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya take kaiwa inda bata dawowa, daƙiƙa ɗaya da rabi ta gama danne direba. Ga kuma sandar ƙarfen nan ta baya da take juya injinan da ake jona mata, tana zagaye 540 a minti ɗaya, wato sau 9 kenan a daƙiƙa guda, in ta kama bakin riga kafin mutum ya ce wayyo ta naɗe hannu. To ka gaya min uban da yake tsaye taku ashirin daga wurin yana "sa ido", me zai iya yi a cikin daƙiƙa ɗaya? Ni nan ne na tsaya a maganar nan, sa idon uba yana gyara kuskuren da yake zuwa a hankali ne, irin layin huɗa ya karkace ko an manta an bar garma a sama, amma baya taka birki.

Ta ɓangaren doka kuma labarin ya fi ban mamaki. Amurka ta sha fama kafin ta hana bautar da yara a masana'antu, dokar farko ta 1916 kotun ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 zamanin shugaba Roosevelt aka samu babbar dokar ƙwadago da ta tsaya da ƙafarta. Amma an ware noma gefe, yaron da aka hana shi aikin masaƙa ko ramin kwal babu abinda ya hana shi aikin gona muddin ba lokacin makaranta bane. Sai a gyaran 1966 majalisa ta ce yaro ƙasa da shekara 16 kada a ɗauke shi aikin gona mai hatsari, ma'aikatar ƙwadago ta fitar da jerin ayyuka 11 da suka fara aiki a 1970, na farkonsu kuwa shine tuƙa taraktar da ta wuce ƙarfin doki 20, sai injinan girbi da na ɗaure ciyawa da na cire masara da auduga, da injinan tonon ƙasa, da shiga rumbun hatsi irin wanda iska bata shiga. An bar ƙofa ɗaya, ɗan shekara 14 ko 15 zai iya tuƙa tarakta a gonar wani in ya yi kwas ya karɓi satifiket, irin wanda ƙungiyar matasan karkara ta 4-H da makarantun koyon noma suke bayarwa.

Amma fa duk wannan ɗan haya ya shafa, wato yaron da wani ya ɗauka aiki. In gonar ta babanka ce ko shi yake gudanar da ita, dokar tarayya bata ce komai ba, ko shekararka nawa, ko wane inji ne, ko ƙarfe nawa ne na dare. Ɗan maƙwabci mai shekara 15 doka ta kare shi, ɗan cikinka mai shekara 7 an bar maka kai da shi. Hujjar dai ita ce babu mai son yaro kamar iyayensa, kuma gaskiya ne, amma so daban sanin hatsari daban. Daɗin daɗawa tun 1976 majalisa take hana hukumar kula da lafiyar ma'aikata, OSHA, kashe ko sisi wajen bincikar gonar da ma'aikatanta basu wuce 10 ba, kaga kenan yawancin gonakin gado babu wani jami'i da zai leƙa.

Ingila ta bi wata hanyar daban tun da wuri. Tun 1958 aka haramta wa yaron da bai kai 13 ba ya tuƙa tarakta ko ma a ɗauke shi a kanta, aka sabunta dokar a 1998, kuma babu zancen ai ɗana ne ai gonata ce, uba ma ana iya gurfanar dashi. Suwidin ita kuma ƙarfen ta kama, a 1959 ta wajabta sa wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya, wannan firam ɗin da yake saman kujera wanda in ta kife yake hana ta danne direba, mace-macen kifewa suka ragu sosai da sosai. A Amurka sai 1976 aka wajabta shi, shima ga taraktar da ma'aikaci yake tuƙawa, kamfanoni kuma sai 1985 suka amince su riƙa sa shi a duk sabuwa. Matsalar ita ce tarakta bata mutuwa da wuri, ta shekarun 1960 tana nan tana aiki, kuma wannan tsohuwar ƙaramar mara ƙarfen kariya mara bel ita ake cewa "bari a ba yaro ya koya da ita" saboda ana ganin ƙarama ce.

Waɗanda suka fara tada murya da ƙarfi ba 'yan boko bane daga birni, iyaye ne da abin ya faɗa wa. A 1986 wata mata a Ayowa, Marilyn Adams, ɗanta mai shekara 11 yana taya aikin girbi, ya nutse a cikin masarar da ke cikin tirelar da ake juye hatsi ta ƙasa, masara ta ja shi ta rufe shi ya rasu. Shekara ɗaya bayan nan ta kafa ƙungiyar Farm Safety 4 Just Kids, ta shiga gari-gari tana magana da manoma 'yan uwanta, kuma an saurare ta don ba wanda zai ce mata bata san noma ba. A 1997 aka buɗe cibiyar ƙasa ta kula da lafiyar yaran karkara da gonaki a garin Marshfield na jihar Wiskonsin, su ne suka fitar da ƙa'idojin aikin gona na yara a 1999, suka sabunta a 2017. Abinda ya burge ni da ƙa'idojin nan basu ce a kori yaro daga gona ba sam, tambayoyi suke jerowa uba: ƙafarsa tana kai birki da kuloci yana zaune daram ba sai ya zamo gaba ba? yana da ƙarfin taka su har ƙasa? yana hango gaban tayar da bayanta? in abu biyu suka faru lokaci ɗaya zai iya tuna wanne zai fara yi? Don yaro yana iya haddace giya cikin kwana biyu, ya ma fi babba saurin ɗauka, amma auna gudu da nisa da yanke shawara cikin firgici wannan sai ƙwaƙwalwa ta nuna, ba'a koyar dashi da baki.

Cibiyar ta Marshfield ta daɗe tana maimaita lissafin cewa kusan duk kwana uku yaro ɗaya yana mutuwa a hatsarin da ya shafi gona a Amurka, kuma abin hawa da injina, tarakta a gaba, su suka fi ɗauka. Wani abin da yake sosa min rai, da yawa daga cikinsu ba aiki ma suke ba, an ɗauko su ne yawo, kaka ya ɗora jika a cinya ko yaro ya zauna a saman taya, aka faɗa gargada ya suɓuce, tayar baya ta bi ta kansa, kuma mai tuƙin uba ne ko kaka ko yaya. Shi yasa gamayyar masu wannan fafutuka suka yi kamfe da kalmar cewa binne al'ada ya fi binne yaro sauƙi, manoma da yawa suka ji haushin kalmar suka ce an zage su. Hatta ƙaramar kujerar nan ta gefe da ke cikin taraktocin zamani masu gida, kamfanonin cewa suke ta mai koyar da tuƙi ce, ba ta ɗaukar yara ba, amma manoma da ita suke reno.

Karo mafi zafi shine na 2011. A watan Satumba ma'aikatar ƙwadago ƙarƙashin Hilda Solis, zamanin Obama, ta kawo daftarin sabunta jerin nan na 1970, a hana 'yan haya ƙasa da 16 kusan duk injina masu ƙarfi, a hana su riƙe waya suna tuƙi, a hana su aikin taba. Daftarin bai soke rangwamen da aka yi wa iyaye na sa 'ya'yansu aiki a gonarsu ba, amma yadda aka fassara shi ya tada hankali, don gonaki da yawa yanzu an yi musu rajista a matsayin kamfanin iyali, uba da baffa da kaka duk suna da hannun jari, sai mutane suka ce to kenan yaro bazai taya kakansa ko kawunsa aiki ba? Dubban ƙorafe-ƙorafe suka shigo, ƙungiyar manoma ta Farm Bureau ta tashi tsaye, 'yan majalisa daga jihohin noma na jam'iyyun biyu suka sa baki, ga zaɓe yana tafe. A watan Fabrairun 2012 ma'aikatar ta ce zata sake duba ɓangaren iyayen, bai isa ba, ranar 26 ga Afrilu 2012 aka janye daftarin gaba ɗaya, har da alƙawarin baza'a sake tado shi ba muddin gwamnatin tana kan mulki.

Kuma ni ban ɗauki manoman nan a matsayin marasa tausayi ba wallahi. Gona ba ofis bace, gidan yana cikin gonar, babu wurin ajiye yara kusa, lebura yana da tsada, damina bata jira, matsakaicin shekarun manomin Amurka ya kusa 60, kuma suna tsoron in yaro bai shaƙu da aikin tun yana ƙarami ba zai tafi birni gonar kaka da kakanni ta koma hannun wani kamfani. Duk Bahaushen da ya tashi a gandu ya san wannan tsoron, mu ma muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda na rabu dasu shine ɗaukar cewa tarakta ce matakin farko. Akwai ciyar da maruƙa, akwai duba mai da ruwa da iskar taya injin yana kashe makulli yana aljihun uba, akwai koyon sunan kowane ƙarfe da aikinsa, shekaru ne cur na koyo kafin a kai ga kujera. Wasu jihohin sun ɗan ja layi da kansu, Wiskonsin misali ta ce ɗan ƙasa da 16 bazai hau titin gwamnati da tarakta ba sai da satifiket, ko da aikin gidansu yake, kuma ba'a ba wanda bai kai 12 ba. Amma a cikin gona dai maganar uba ce.

Abinda yasa na ga ya kamata mu san wannan tarihin, mu yanzu muke shiga matakin da suka shiga shekara ɗari baya. Taraktocin haya suna ƙaruwa a Kano da Jigawa da Kebbi, ga ƙananan injinan huɗa da ake turawa da hannu waɗanda masu noman shinkafa suke saye, ga injin casa a kowace kaka, kuma duk wanda ya bi hanyar ƙauye ya ga tarakta ta ɗauko yashi ko taki yara uku huɗu sun maƙale a saman tayoyi da kan ƙarfen da ya haɗa ta da tirela, direban kansa wani lokacin yaron mota ne da gemu bai fito masa ba, oga ya bashi ya kai ya dawo. Yawancin tsofaffin Massey Ferguson ɗin da suke yawo a wajenmu babu ƙarfen kariya a kansu, wasu ma da shi suka zo aka kwance aka ajiye don wai yana kama reshen bishiya.