Yaran Bos a Finafinan Leƙen Asiri

Yaran bos su ne 'yan barandan da ke yi wa babban mugu aiki a cikin fim: masu gadin ƙofarsa, direbobinsa, masu kisa da yawunsa, da wanda ke tsaye a bayan kujerarsa yana jiran a ƙyafta masa ido. Akwai su a kusan kowane fim na faɗa, na Indiya ne ko na Caina ko na Amurka, amma finafinan leƙen asiri ne suka ba su matsayi na musamman. Jerin finafinan James Bond, jami'in leƙen asirin Birtaniya, wanda ya samo asali daga littattafan marubucin Ingila Ian Fleming, shi ya kafa musu siffar da aka san su da ita yau. Kamfanin Eon ya fara jerin da Dr. No a 1962, ya kai fim na 25 da No Time to Die a 2021, kuma da wuya a samu ɗaya a ciki da babu wani yaron bos da 'yan kallo suka riƙe. Sau da yawa ma an fi tuna yaron a kan ubangidansa.

Dalilin samuwarsu

Babban mugu a fim ɗin leƙen asiri yawanci ba mai ƙarfin damtse ba ne. Attajiri ne ko masanin kimiyya ko shugaban wata ƙungiyar ɓoye, mutum mai tumbi ko mai yawan shekaru, wanda ƙarfinsa yana cikin kuɗi da makirci. Idan aka haɗa shi dambe da jarumin tun farko, fim ya ƙare kafin a gama zama. Dole kuma a ajiye shi sai ƙarshe. To wa zai cika sa'o'i biyun da ke tsakani? Nan ne yaran suke shigowa. Makircin bos abu ne da ake ji a baki, kamar lalata zinaren wata ƙasa ko haddasa yaƙi tsakanin manyan dauloli, kuma ɗan kallo ba ya jin tsoron abin da bai gani ba. Yaron bos shi ne haɗarin da ido yake gani, mai hannu da ƙafa, wanda zai iya shigowa ɗakin otal da dare.

Suna kuma nuna halin ubangidansu ta yadda yake mu'amala da su. A SPECTRE, ƙungiyar miyagu ta ɓoye da Bond ke yaƙa, ana kiran manyan ma'aikata da lamba maimakon suna, kuma hukuncin gazawa kisa ne. A From Russia with Love na 1963 an kashe Kronsteen, Lamba 5, da wuƙa mai guba da ke fitowa daga bakin takalmi saboda shirinsa ya rushe. A Thunderball na 1965 shugaban ƙungiyar, Blofeld, ya sakar wa Lamba 9 wutar lantarki a kan kujerarsa ana tsakiyar taro, don ya ci kuɗin ƙungiya. A You Only Live Twice na 1967 Helga Brandt ce aka jefa wa kifaye masu cin nama. Ba a bukatar wani dogon bayani bayan haka, ɗan kallo ya riga ya gane irin mutumin da Bond zai fuskanta.

Na hannun dama

Yaran bos hawa-hawa ne. A sama akwai na hannun dama, mutum ɗaya da aka ba suna da siffa da makami nasa na kansa. Biyu daga cikinsu ne suka shimfiɗa hanyoyin da sauran suka bi.

Na farko shi ne Red Grant na From Russia with Love, wanda Robert Shaw ya fito a matsayinsa. Grant ba dodo ba ne. Ƙwararren makashi ne da aka horar don kashe Bond kaɗai, yana da agogo mai ɓoye siririyar wayar shaƙe wuya, kuma ya shafe yawancin fim ɗin yana bin Bond a Istanbul a ɓoye, har yana kare shi daga wasu don kada a riga shi. A cikin jirgin ƙasa na Orient Express ya zo a rigar jami'in Birtaniya, ya ci abinci tare da Bond, sannan ya durƙusar da shi a bakin bindiga. Abin da ya ceci Bond kwaɗayin Grant ne: ya yi masa tayin tsabar zinare, Grant ya buɗe jakar da ke ɗauke da hayaƙi mai sa hawaye, faɗa ya kaure a cikin ƙuntataccen ɗaki, fitila ta fashe, babu kiɗa sai ƙarar jirgi da ta naushi. Har yau ana lissafa wannan faɗan cikin mafi kyau a jerin, kuma ya cancanci hakan, domin mutum biyu ne masu horo iri ɗaya, kowa na iya mutuwa.

Na biyu shi ne Oddjob na Goldfinger, 1964. Harold Sakata ne ya fito a matsayinsa, haifaffen Hawai ɗan asalin Japan, wanda ya ciyo wa Amurka lambar azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Landan a 1948, daga baya ya koma kokawar nishaɗi da sunan Tosh Togo. Oddjob ba ya magana. Direba ne mai baƙar kwat da malafa mai bakin ƙarfe, kuma kafin su gwabza da Bond gaba da gaba an nuna wa 'yan kallo abin da zai iya: ya jefa malafar ta fille kan wani mutum-mutumi, ya murƙushe ƙwallon golf a tafin hannu. A faɗan ƙarshe, cikin taskar zinare ta Fort Knox, Bond ya jefe shi da sandar zinare a ƙirji, ta faɗo ƙasa, shi kuwa sai murmushi. Ƙarfi bai yi ba, sai dabara. Bond ya jefa malafar ta maƙale a jikin sandunan ƙarfe, Oddjob ya je cirowa, Bond ya jona wa sandunan yankakkiyar wayar lantarki. Daga wannan fim ne ƙa'idar ta zauna: a nuna makamin tun da wuri, a nuna cewa jarumi ba zai iya da ƙarfi ba, sannan makamin ya zama ajalin mai shi.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu. Tee Hee mai hannun ƙarfe a Live and Let Die na 1973, da Gobinda a Octopussy na 1983, da Mista Hinx a Spectre na 2015, duk zuriyar Oddjob ne. Gobinda, wanda ya murƙushe ƙwayoyin caca a hannunsa har suka zama gari, Kabir Bedi ne ya fito a matsayinsa, wanda masu kallon finafinan Indiya suka sani a matsayin mugun miji a Khoon Bhari Maang na 1988. Hinx kuwa, wato ɗan kokawa Dave Bautista, kalma ɗaya tak ya furta a fim ɗin gaba ɗaya, kuma faɗansa da Bond a jirgin ƙasa a Maroko gaisuwa ce ga faɗan Grant. Mata ma sun riƙe wannan matsayi, irin su Fiona Volpe a Thunderball da Xenia Onatopp a GoldenEye na 1995.

Abin da ke jan 'yan kallo

Wani ɓangare na farin jininsu a bayyane yake. Siffarsu mai sauƙin riƙewa ce, yaro ma zai iya kwaikwayon mai haƙoran ƙarfe ko mai jefa hula, alhali ba zai iya maimaita makircin bos ba. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Yaron bos ma'aikaci ne, kuma Bond ma haka yake. Shi ma yana da shugaba mai aikensa, yana da lamba, yana kashe wanda aka ce ya kashe. Bos yana da buri da dogon jawabi, yaronsa kuwa aiki kawai aka ba shi, don haka shi ne ya fi kusa da jarumin a duk cikin fim. An faɗi wannan ƙarara a Tomorrow Never Dies na 1997. Dokta Kaufman, makashin da Vincent Schiavelli ya fito a matsayinsa, fitowa ɗaya kacal ya yi, a ɗakin otal a Hamburg. Da reshe ya juye da mujiya, ya roƙi Bond da cewa shi ƙwararre ne da ke yin aikinsa kawai. Bond ya ce shi ma haka, ya harbe shi. 'Yan mintoci ne, amma mutane da dama sun fi tuna su a kan sauran fim ɗin.

Saboda ma'aikaci ne, yana iya juya baya, abin da bos ba zai taɓa yi ba. Fitaccen misali shi ne Jaws mai haƙoran ƙarfe. Richard Kiel, mai tsawon mita 2.18, ya fito a matsayinsa a The Spy Who Loved Me na 1977, inda gini ya rufto masa ya fito yana karkaɗe ƙura, aka jefa shi ga kifin shak ya cije kifin ya tsira. Haƙoran suna yi wa Kiel ciwo, ba ya iya riƙe su a baki sai na ɗan lokaci kaɗan. Jama'a sun so shi har aka dawo da shi a Moonraker na 1979, kuma darakta Lewis Gilbert ya ba da labarin wasiƙun yara masu neman a mai da shi mutumin kirki. Haka aka yi. Jaws ya samu masoyiya, ya gane cewa sabuwar duniyar da ubangidansa Drax ke shirin kafawa ta zaɓaɓɓun mutane ba ta da wurin irinsa da irinta, sai ya koma bayan Bond. Masu sharhi da yawa sun ga an mai da shi abin dariya, kuma da gaskiyarsu, amma dalilin juyawar tasa mai ƙarfi ne. May Day ta A View to a Kill, 1985, wadda mawaƙiya Grace Jones ta fito a matsayinta, ta bi wannan hanya da ɗaci fiye da nasa. Ubangidanta kuma masoyinta Zorin ya sako ruwa a ramin haƙar ma'adinai tana ciki, ya bi ma'aikatansa da harbi. Ta fitar da bam ɗinsa daga ramin da hannunta, ya tashi da ita.

Marasa suna

A can ƙasa akwai tarin waɗanda ba su da suna, masu kaki iri ɗaya, masu gudu da bindiga a sansanin bos suna faɗowa daga bene. Girman wuraren da ake ginawa ne ya kawo yawansu. Sansanin cikin dutse mai aman wuta da mai tsara wuraren fim Ken Adam ya gina a sutudiyon Pinewood na Ingila don You Only Live Twice ya ci kusan dala miliyan 1, kwatankwacin abin da aka kashe a kan Dr. No gaba ɗayansa, kuma wuri irin wannan sai an cika shi da mutane.

Waɗannan su ne aka fi mantawa, alhali su suka fi ɗaukar haɗari na gaske. Yawancinsu masu wasan kasada ne, waɗanda sana'arsu ita ce faɗowa daga sama, ko kamawa da wuta, ko shan duka ba tare da an ga fuskarsu ba. Bob Simmons, wanda ya tsara faɗace-faɗacen finafinan farko, shi ne mutumin da ke takowa ya juyo ya yi harbi a buɗewar finafinai uku na farko, ba Sean Connery da ya fito a matsayin Bond ba. Vic Armstrong ya fara aiki a jerin yana cikin mayaƙan da suka sauko da igiya cikin wancan dutse, daga baya ya zama babban mai tsara fitowar faɗa. Direban da ya yi dambe da Bond a wani ofis a Tokyo a You Only Live Twice ɗan kokawa ne daga Samowa, Peter Maivia, kakan Dwayne Johnson. Ƙananan gurabe irin waɗannan sun zama ƙofar shiga ga wasu: Dolph Lundgren ya fara fitowa a fim ne a A View to a Kill, Benicio del Toro kuma ya fito a matsayin Dario a Licence to Kill na 1989 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Fim ɗin barkwanci na Austin Powers na 1997 ya taɓo tambayar da finafinan gaske suke tsallakewa. Akwai fitowar da aka buga wa matar wani mai gadi waya aka shaida mata mijinta ya mutu a bakin aiki, da wata da abokan wani suke jiransa a wurin shaƙatawa. An cire su daga wanda aka nuna a sinimomin Amurka, aka bar su a na wasu ƙasashe. Da wasa aka yi, amma batun na gaske ne, domin fim yana koya wa ido ya ƙirga mutuwar mutum hamsin a matsayin ado.

Sauyi da suka

Bayan shekarar 2000 salon ya karkata zuwa ga zuriyar Grant. A jerin Bourne, wanda ya fara da The Bourne Identity a 2002, da yawa daga masu farautar jarumin abokan horonsa ne daga shiri ɗaya na hukumar leƙen asirin Amurka, mutane masu kamannin kowa, kuma ana faɗa da biro ko littafi ko tawul. Bond ya bi sahu a Casino Royale na 2006, inda Sébastien Foucan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan tsallake gine-gine a Faransa, ya fito a matsayin mai haɗa bam da aka kora a kan ƙarafan gini. Gudunsa ne babbar siffarsa.

Tsohon salon yana da laifin da ba a iya rufewa. Shekaru da dama hanyar da ta fi sauƙi ta nuna cewa mutum mugu ne ita ce a ba shi nakasa, ko tabo a fuska, ko a ɗauko shi daga wata al'umma da Turawa ke yi wa kallon baƙuwa. Oddjob ɗan Koriya ne a labarin, kuma littafin Fleming ya faɗi maganganun ƙasƙanci a kan Koriyawa. Nick Nack na The Man with the Golden Gun, 1974, wada ne, Tee Hee mai dungu ne, tsawon Kiel kansa ciwon yawan sinadarin girma ne ya jawo shi. Masu irin waɗannan lalurori suna rayuwa a cikin jama'a, kuma su ne ake nunawa da yatsa bayan an tashi daga kallo. A 2018 ƙungiyar Changing Faces ta Birtaniya, mai kare masu tabo da bambancin halitta a fuska, ta yi gangami a kan wannan, kuma Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar cewa ta daina ba da tallafi ga finafinan da ke amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Duk da haka No Time to Die ya fito a 2021 da babban mugu mai tabo a fuska, da Blofeld mai ido ɗaya, da yaron bos mai suna Primo wanda aka sa wa idon na'ura, kuma ƙungiyar ta sake yin ƙorafi a fili.