Aiki biyu, takardun W-2 biyu: yadda ake haɗa kuɗin shekara a Amurka

A Amurka, doka ta wajabta wa kowane kamfani ya bai wa ma'aikacinsa takardar W-2, wadda ke nuna albashin shekara da harajin da aka cire, zuwa ranar 31 ga Janairu, ya kuma aika da kwafinta ga gwamnati. Wanda ya yi aiki a wurare biyu, ko a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya, takardu biyu zai karɓa, amma fom ɗin haraji guda zai cike, wato 1040.

Lissafin da hukumar haraji ta IRS take so ba shi da wuya. Ka ɗauki abin da ke gurbi na 1 a takarda ta farko, ka haɗa da na gurbi na 1 a ta biyu, ka rubuta jimillar a layi na 1a na fom 1040. Harajin da aka riga aka cire maka yana gurbi na 2, shi ma haka za ka haɗa. Abin da ba a yi shi ne tara gurbi na 1 da na 3 da na 5 na takarda ɗaya. Kuɗi guda ne aka nuna sau uku, don haraji iri uku.

Sai dai gurbi na 1 ba shi ne cikakken albashinka ba. A ce a aikinka na rana an rubuta dala 42,000 a gurbi na 1, amma 45,000 a gurbi na 5. Ina dubu ukun suka shiga? Duba gurbi na 12. In ka ga harafin D da 3,000 a gefensa, kuɗin da ka zuba ne a asusun ritaya na 401(k), wanda ba a cire masa harajin kuɗin shiga yanzu, amma ana cire masa na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, wanda ake lissafawa da gurbi na 5. In aikin dare ya kawo 18,000, abin da za ka rubuta wa IRS shi ne 60,000, alhali guminka ya kai 63,000. Don haka in mai gidan haya ko banki ne ya tambayi abin da kake samu, gurbi na 5 ya fi kusa da gaskiya. Shi ɗin ma yakan rage, domin kuɗin inshorar lafiya da ake cirewa kafin haraji ba ya cikinsa. Takardar albashi ta ƙarshen shekara ce ke nuna komai.

Ranar biya ake bi, ba ranar aiki ba. Aikin Disamba da aka biya a Janairu na sabuwar shekara ne.

Inda mai aiki biyu ya fi shan mamaki shi ne a watan Afrilu, lokacin miƙa fom ɗin haraji. Kowane kamfani yana cire haraji ne kamar shi kaɗai ke biyanka. A shekarar 2024, dala 14,600 na farko na marar aure ba su da haraji. Wannan rangwame sau ɗaya doka ta ba ka, amma kamfanonin biyu kowanne zai lissafa da shi. A misalinmu, mai biyan 18,000 zai cire wajen dala 340 kawai, alhali da aka ɗora kuɗin a kan albashin farko, kashi 12 cikin 100 ne ya hau kansu, wato 2,160. Giɓin kusan dala 1,800 daga aljihunka zai fito zuwa 15 ga Afrilu. Babu wanda ya cuce ka, kamfanonin ne ba su san da juna ba. Maganinsa na cikin fom ɗin W-4, wanda ma'aikaci ke cike wa kamfani don ya san harajin da zai cire, mataki na 2, inda ake sanar da cewa akwai aiki na biyu. A ganina gara a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan da a tara wa mutum bashi.

Masu babban albashi kuma abin a juye yake zuwar musu. Harajin Social Security, wato shirin fanshon gwamnati, kashi 6.2 cikin 100 ne, kuma a 2024 ya tsaya a kan dala 168,600. In albashin biyu ya haura wannan, an cire fiye da kima, kuma ana neman rarar a jadawali na 3 na fom 1040.

In kuwa aikin na biyu na kwangila ne aka ba ka takardar 1099-NEC maimakon W-2, kada ka haɗa shi a layi na 1a. Jadawalin C na fom 1040 ne wurinsa, kuma galibi ba a cire masa ko sisi ba tukuna.